Binciken takardun fili a AGIS: abin da yake tabbatar maka da abin da yake bari a wuyanka

Duk wanda zai sayi fili ko gida a Abuja, a cikin kuɗaɗen da zai kashe babu wanda ya kai na binciken takardu a AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, amfani. Kuɗi ne kaɗan idan aka gwada da farashin fuloti ko da a bayan gari ne, kuma ta nan ne kawai hukuma za ta rubuta maka a takarda, da sa hannu, sunan wanda ta sani a kan filin da halin da filin yake ciki. Ina ba kowa shawarar ya yi. Abin da yake damuna shi ne yadda mutane suke ɗora wa wannan takarda nauyin da ba nata ba. Mutum zai karɓi rahoto, ya ga babu matsala, ya tura miliyoyi a ranar, bayan wata shida ya je ya tarar wani yana tona harsashin gini a wurin. Rahoton yana faɗar abin da ke cikin fayil ne kaɗai, sauran aikin na mai saye ne da lauyansa.

AGIS ita ce cibiyar da ke riƙe da bayanan filayen Babban Birnin Tarayya a kwamfuta. An kafa ta ne zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, wato tsakanin 2003 da 2007, kuma a lokacin ne aka karɓe tsofaffin takardun mallaka aka tantance, aka ba masu su sababbi da sabuwar lambar fayil. Ofishinta yana Peace Drive a tsakiyar birni, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da sashen kula da filaye na FCTA, hukumar da ke gudanar da birnin. Dalilin da ya sa maganarta take da nauyi haka shi ne matsayin ƙasar Abuja a doka. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta ƙirƙiri birnin zamanin Janar Murtala Muhammad, ta damƙa dukkan filayen yankin a hannun Gwamnatin Tarayya, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya sake nanata haka. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar Madu da Madu ta 2008, ta tabbatar da cewa ministan Abuja ne yake da ikon ba da fili a yankin. Saboda haka abin da aka saba da shi a Kano ko Zariya, inda takardar mai unguwa da shaidu da daɗewa a wuri suke iya tsaya wa mutum, a nan ba haka lissafin yake ba.

Neman binciken ba shi da wuya. Lauya zai rubuta wasiƙa zuwa ga daraktan filaye, ya haɗa da kwafin takardar mallakar da mai sayarwa ya bayar, da wasiƙar amincewa daga wanda sunansa yake kan takardar tare da kwafin katin shaidarsa, sai shaidar biyan kuɗin hukuma ta Remita, tsarin biyan kuɗin gwamnati ta intanet. A biya da lambar da aka fitar don wannan aikin, a riƙe rasidin. Kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin ƙofa da sunan zai biya.

Wasu suna ƙorafi da sharaɗin wasiƙar amincewar mai fili, suna ganin jan ƙafa ne. Ni ina ganin yana cikin abubuwan da suka fi amfani a tsarin, domin tun kafin a buɗe fayil yake fara tace masu sayarwa. Idan ka nemi wasiƙar dillali ya ce maka, "Haba Alhaji, mai wurin babban mutum ne, ba ya son a dame shi, ni na tsaya maka," to ka riga ka sami rabin amsarka kyauta. Wanda yake son sayar da abinsa da gaske ba ya ƙin sa hannu a layi uku.

Rahoton kansa yawanci bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a tsallake komai a je ƙasa ana neman inda aka ce babu jingina. A ajiye shi gefe da gefe da takardar mai sayarwa, a bi layi-layi da biro. A fara da lambar fayil: na ɗaiɗaikun mutane yana farawa da haruffan jiharsu, kamar KN ko KD, na kamfanoni da ƙungiyoyi kuma MISC. Idan takardar ta girmi tantancewar da aka yi, za a ga tsohuwar lamba da sabuwa, dukkansu sai sun dace. Sai lambar fuloti da gunduma da shiyya. Filayen zangon farko na birnin suna shiyyoyin da suka fara da A, kamar Asokoro da take A04, na zango na biyu suna B, kamar Jahi da take B08, na uku suna C. Lambar fuloti ɗaya tana iya maimaituwa a gundumomi daban-daban, don haka lamba ita kaɗai ba ta nuna komai sai an haɗa ta da shiyya. Sai girma. Hukuma da murabba'in mita ko hekta take rubutawa, dillalai kuma da ƙafa suke magana. Hamsin da ɗari kusan murabba'in mita 465 ne, ɗari da ɗari kusan 929, hekta ɗaya 10,000. Mutane da yawa sun biya kuɗin ɗari da ɗari alhali abin da ke rubuce bai kai 700 ba, don kawai ba wanda ya zauna ya yi wannan lissafin.

Bayan haka a duba abin da aka ware filin don shi. Filin gidan zama daban, na kasuwanci daban, na makaranta ko asibiti ko wurin ibada daban. Wanda yake da niyyar gina shaguna ya sayi filin gidan zama, sashen kula da gine-gine ba zai amince da zanensa ba sai ya nemi a canza masa manufar filin, kuma wannan wata doguwar hanya ce mai kuɗi wadda ba a ba da tabbacin za ta yiwu. Idan ya yi gaban kansa ya gina, jan fenti ne a bango, daga nan sai rusau.

Sai sashen da ke nuna abin da ya hau kan filin: jinginar banki, takardar wakilci da aka yi wa rajista, takardar dakatarwa da wani ya shigar, umarnin kotu da aka kai wa ofishin, ko bayanin cewa an soke mallakar. A nan aikin AGIS yake da ƙarfi ƙwarai, kuma a nan ne ya fi ceton mutane. Takardar da aka soke tana nan a hannun tsohon mai ita, fes da ita, da hatimi da komai, babu abin da zai nuna maka a jikinta cewa ta mutu. Fayil ne kaɗai ya sani.

Maganar sokewa ta kai mu ga harajin ƙasa, wanda shekara da shekaru mutane suka ɗauke shi abin wasa. Sharaɗi ne a cikin takardar mallaka cewa za a biya shi ranar 1 ga Janairun kowace shekara ba tare da an aiko maka da takardar tuni ba, kuma sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba hukuma damar soke mallaka idan aka saɓa sharuɗɗanta. A watan Maris na 2025 gwamnatin Abuja ƙarƙashin minista Nyesom Wike ta sanar da soke takardu 4,794 a unguwanni irin su Maitama, Asokoro, Wuse, Garki da Guzape, saboda bashin da ya haura shekara 10. Don haka kada a tsaya ga rahoton kawai: a nemi a fitar da sabon lissafin harajin filin, a ga abin da ake bi, a rubuta a yarjejeniya cewa mai sayarwa zai biya kafin a cika masa kuɗi, ko a cire daga farashin. Bashin filin yake bi, duk wanda ya saya ya gaje shi.

Haka nan a bambance R of O da C of O. Ta farko takardar tayi ce da ke cewa an ba ka fili bisa sharuɗɗa, ta biyu ita ce shaidar da ake bayarwa bayan an biya kuɗaɗen hukuma, kuma na gidan zama yawanci shekara 99 ne. Sayen fili mai R of O ba laifi ba ne, ana yi kullum, amma sai an san nawa ya rage na kuɗin C of O da wanda zai biya. Tun daga Afrilun 2025 hukuma ta tsaurara: wanda aka ba sabon fili yana da kwana 21 ya biya kuɗaɗensa, da shekara 2 ya gina. Fuloti mai arha da aka bar shi ciyawa shekaru da dama, arharsa tana iya zama daga nan ta fito.

Inda aikin yake da rauni, kuma inda talaka ya fi shan wahala, shi ne filayen ƙananan hukumomi. Abuja tana da shida: AMAC (ta cikin birni), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Shekaru da dama an yi ta raba filaye da takardun waɗannan ƙananan hukumomi, daga baya aka ce a kawo su a tantance. Alƙaluman da hukuma da kanta ta fitar a 2025 sun nuna an miƙa takardu fiye da 260,000, waɗanda aka kammala aka ba su takardar minista kuwa 'yan dubbai ne kawai. Abin da mafi yawan masu irin waɗannan filaye suke riƙe da shi shi ne takardar shaidar an karɓi takardunsu. Dillalai suna nuna ta kamar ita ce mallaka, suna cewa "ai yana AGIS." Abin da take nufi kawai shi ne an ajiye takardu ana jira. Ana iya tantancewa a ce ba su da asali, ko a tarar wurin ya faɗa kan hanya ko kan filin da minista ya riga ya ba wani. Wanda zai sayi irin wannan ya saya da sanin cewa kasada ce, kuma farashin ya nuna haka. Filin da aka saya a hannun sarkin ƙauye ko 'yan asalin wuri da takardar yarjejeniya kaɗai kuwa, babu fayil ɗin da za a buɗe ma, balle a bincika.

Akwai kuma wuraren da mutane ke kira Abuja amma ba hurumin AGIS ba ne. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, bincikensu a NAGIS yake, takwarar AGIS ta can. Suleja da Madalla jihar Neja ce. Gidajen Hukumar Gidaje ta Tarayya a Gwarinpa da Lugbe da Kubwa, fayilolinsu suna ofishin hukumar a Asokoro. A rukunin gidaje na 'yan kasuwa kuma, abin da AGIS za ta nuna maka shi ne babbar takardar kamfanin a kan filin gaba ɗaya. Ko an sayar da gida mai lamba 14 ga mutum biyu, wannan sai a littafin kamfanin da bakin mazauna wurin za ka ji.

Yanzu a ce rahoto ya fito tsaf. Tambayar farko da bai amsa ba ita ce: wanda yake zaune a gabanka shi ne mai sunan? Masu damfara da yawa sun daina ƙirƙirar filin da babu shi, domin sun san za a bincika. Abin da suke yi shi ne su sami bayanan fili na gaske, su buga takarda mai kama da ta asali, su kawo wani ya ce shi ne. Bincike zai nuna komai daidai, tunda filin na gaske ne. Maganin wannan shi ne a ga takardar asali da ido, ba kwafi ba, lauya ya gabatar da ita a tabbatar da ingancinta, a gwada hoton da ke jikin C of O da fuskar mutum da katinsa na ɗan ƙasa, kuma a tura kuɗi cikin asusun banki mai ɗauke da sunan da ke kan takardar kaɗai. Idan aka ce a tura asusun ƙani ko na dillali "saboda sauri," a dakata. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani sama da miliyan 10, sai ta banki. Wannan doka kariya ce ga mai saye, domin takardar banki shaida ce mai ƙarfi a kotu.

Sau da yawa sunan da ke fayil ba na mai sayarwa ba ne, domin filin ya bi hannu uku ko huɗu ba wanda ya yi rajista. Za a kawo maka tarin takardun wakilci: na farko ya wakilta na biyu, na biyu ya wakilta na uku. Kowace gaɓa sai an duba ta, da sa hannu da kwanan wata da shaidu, kuma a tabbatar mutanen suna raye lokacin da aka ce sun sa hannu. Gaɓa ɗaya ta karye, duk abin da ya biyo bayanta ya faɗi.

Filin gado shi ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Fayil zai ci gaba da nuna sunan mamaci har sai magada sun kai takardar izinin kula da dukiyarsa, wadda ake karɓa a sashen gado na Babbar Kotun Abuja, an yi mata rajista. AGIS ba ta san ya bar mata nawa ba, ba ta san 'ya'ya nawa ne ba, ba ta san ko akwai wasiyya ko bashi ba. Babban wa zai zo da takardun asali a hannunsa, da gaskiyarsa ma wani lokaci, ya ce 'yan uwa duk sun yarda. Amma a shari'ar Musulunci kowane magaji yana da kasonsa tun ranar rasuwa: matan mamaci suna da tumunin takaba idan akwai 'ya'ya, iyayensa idan suna raye suna da nasu, 'ya mace tana da rabin na ɗa namiji, kuma ba wanda yake da ikon sayar da kason wani don ya girme shi. A nemi takardar rabon gado daga kotun da ta raba, a ga cewa wannan filin ya faɗa kason mai sayarwa, ko kuma dukkan magada su sa hannu. Idan akwai marayu ƙanana, sai da izinin kotu. Yarinyar da take aji uku a firamare yau za ta girma, kuma tana da haƙƙin ta nemi nata. Ban da batun kotu ma, cin dukiyar maraya ba abin da mutum zai so ya gina gidan iyalinsa a kai ba ne.

Idan kamfani ne mai filin, a haɗa da bincike a CAC, hukumar rajistar kamfanoni: su waye daraktoci a yau, kuma ko an yi rajistar wani bashi a kan kadarorin kamfanin, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi rajistar irin wannan cikin kwana 90. A karɓi takardar shawarar hukumar daraktoci da ta amince da sayarwar.

Tambaya ta biyu da rahoto bai amsa ba ita ce ko filin da aka nuna maka shi ne na cikin takardar. Wannan aikin safiyo ne mai rajista. Zai ɗauki zanen filin, wanda ake kira TDP, ya shigar da lambobin kusurwoyinsa a na'ura, ya taka har inda suka faɗa, ya tono duwatsun iyaka ya karanta lambar da ke jikinsu. Ka je da kanka ka tsaya a wurin, kada ka yi cinikin biri a sama. Ba sabon abu ba ne dillali ya tsaya da kai a fili shimfiɗaɗɗe kusa da kwalta, na'ura kuma ta ja ku mita 300 zuwa cikin kwari ko kan dutse ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ka duba ko akwai mai noma a ciki, ko bukka, ko kabari, ko tsohon harsashi, ka tambayi maigadin gidan da ke kusa wa yake zuwa duba wurin. A gundumomin da ba a riga an sake wa 'yan asalin wuri matsuguni ko an biya su diyya ba, kana iya riƙe C of O mai kyau amma ka kasa sauke tifa ɗaya ta yashi. Shari'ar da ke gudana ma ba lallai ta bayyana a fayil ba idan ba wanda ya sanar da ofishin, shi ya sa lauya mai lura yake leƙa rajistar kotu idan ya ji ƙishin-ƙishin rigima.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake tallatawa, wai a ba wani ɗan abu ya leƙa kwamfuta ya faɗa maka da baki ko ya turo hoto a WhatsApp. Ba na ba da shawararta ko kaɗan. Ba sa hannu, ba rasidi, ba wanda za ka kama, kuma kana iya samun kanka kana magana da abokin mai damfarar. Rahoton hukuma ma na ranar da aka fitar da shi ne. Wanda mai sayarwa ya kawo maka na watanni uku da suka wuce ba naka ba ne, ka yi sabo da lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba. Idan ciniki ya ja lokaci, a sake yi daf da biyan kuɗi. Kafin alƙalami kuwa, in ya zama dole, a rubuta cewa za a dawo da shi idan bincike ya nuna matsala.

Bayan an biya, mutane da yawa suna kai takardu gida su kulle a akwati, a nan kuma ake barin ƙofa a buɗe. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a miƙa mallaka sai da amincewar gwamna, a Abuja kuma minista, sashe na 26 ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. Hanyar ita ce lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi a jiki, a nemi amincewar minista, jami'ai su ƙiyasta darajar wurin, a fitar da kuɗin amincewa da na rajista da harajin hatimi da harajin ribar sayar da kadara, a haɗa da takardar shaidar biyan haraji, wadda mazaunin Abuja yake karɓa a FCT-IRS, hukumar tattara haraji ta birnin. Da yake sababbin dokokin haraji sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, a sa lauya ya yi lissafin bisa su tun kafin a yanke farashi, kuma a rubuta wanda zai ɗauki kowanne.

Saboda tsadar wannan hanya, da yawa suna tsayawa a rajistar takardar wakilci wadda ba a sokewa. Ta fi zama haka nan nesa ba kusa ba, domin sunanka zai shiga fayil, duk wanda ya zo bincike bayanka zai gan ka. Amma Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka, izini ne kawai na yin abu a madadin mai shi. Wanda ya tsaya a nan ya ɗauke ta a matsayin zango, ya karɓi dukkan takardun asali, ya sa mai sayarwa ya sa hannu a takardar miƙa mallaka da wasiƙar neman amincewa tun ranar ciniki tun yana kusa, ya kewaye filin da izinin hukuma, ya ci gaba da biyan harajin ƙasa duk Janairu yana ajiye rasidi, sannan ya kammala rajistar da zarar kuɗi sun samu.